Kibiyoyi Goma Sha Biyu da Ranar da Zafin Ingila Ya Haura Digiri 40

Kibiyoyin goma sha biyu ne, duk na itace, duk daga ɗauri ɗaya. Shida na kafa musu gashin tsuntsu a gindi da gam, shida da salatif mai danƙo gaba da baya. Ba da niyyar gwaji na yi haka ba. Gajiya ce ta raba su gida biyu, zafin watan Yuli na 2022 kuma ya zo ya yi musu alƙalanci.

Lokacin ina karatu a tsakiyar Ingila, na shiga wata ƙungiyar masu harbi da baka da ke haɗuwa a filin wasa na wani ƙauye. Bayan 'yan watanni sai raina ya kwanta da dogon bakan nan nasu na gargajiya, wanda tsawonsa ya kai na mutum a tsaye. Ba shi da abin saiti, ba shi da inda ake ɗora kibiya. A kan bayan hannunka take kwanciya, daga nan take tashi. Dokar gasa ta ce mai irin wannan baka sai da kibiyar itace da gashin tsuntsu na gaske, babu roba. Kibiyoyin da aka gama haɗawa suna da tsada ga aljihun ɗalibi, ga shi sabon shiga ba ya rasa karya ɗaya ko ɓatar da biyu a ciyawa kowane wata. Shi ya sa na sayi sanduna tsirara guda goma sha biyu masu kaurin 11/32 na inci, da kawunan ƙarfe, da gashin talotalo 36 masu tsawon inci 4, na ce zan haɗa da kaina.

Akwai wani dattijo a ƙungiyar, tsohon kafinta, wanda ya haura shekara talatin yana wannan harbi. Shi ya ara mini mariƙin da ake kafa gashi da shi. Wani ɗan ƙarfe ne da ake kwantar da kibiya a kai, yana da maɓalli a gindi da ke juya ta daidai digiri 120 duk lokacin da aka murɗa, saboda gashi uku su raba da'irar sandar daidai wa daida. Sai kuma matsi mai dogon baki kamar na kada, wanda ake cusa gashin a ciki, ƙashinsa kaɗai ya leƙo, maganaɗisu ya riƙe matsin a jikin mariƙin. Ya duba jakar gashina ya tabbatar duk na fiffiken hagu ne. Gashin hagu da na dama ba sa haɗuwa a kibiya ɗaya, don kowanne da ɓangaren da yake lanƙwasawa, idan aka gauraya su ɗaya zai riƙa juya kibiyar nan, ɗaya yana juya ta can.

Na shafa wa sandunan banish sau uku, na bar su suka bushe sarai. Sannan na fara da gam irin na masu wannan sana'a, mai ƙaurin nan da ke hawa kai. Aikin ba wuya. Ka goge ƙashin gashin, ka ja siririn layin gam a kai, ka sauke matsin a kan sandar, ka danna. Daga nan sai jira. Irin wannan gam sai ruwan da ke cikinsa ya tashi kafin ya kama, kuma idan ka ɗage matsin da wuri gashin zai biyo shi ko ya zame. Minti ashirin nake ba kowane gashi. Mariƙi ɗaya gare ni, matsi ɗaya. Kibiya guda awa guda ke nan. A dare uku na yi shida, awa shida cur ina zaune ina kallon agogo kamar mai gadin tukunya, ɗakin ya cika da wari, ga rubutun makaranta yana jirana.

Ranar da na je filin na yi ƙorafi, wata mata cikin 'yan ƙungiyar ta zaro wani ɗan nadi daga jakarta ta miƙo mini. Salatif ne siriri, faɗinsa bai fi na ƙashin gashin da komai ba, da danƙo ta fuska biyu. Ka shimfiɗa shi a kan ƙashin tun gashin yana cikin matsi, ka yanke rarar da reza, ka ɓare takardar bayan, ka sauke a kan sanda. Shi ke nan. Babu jira, babu wari, babu gam a yatsa. A daren nan na gama sauran shidan ban cika awa ɗaya ba, har ina jin haushin dare ukun da na ɓata.

Dattijon nan da ya ga kibiyoyin bai kushe ba. Ya juya ɗaya a hannu, ya sa farce ya taɓa goshin gashin, wato bakin da ke fuskantar kan kibiya, ya ce in ɗiga gam ɗigo ɗaya a nan, ɗaya a wutsiya, a kowane gashi. Na ce to. Na yi wa kibiya biyu, lamba 7 da lamba 8, bakin robar gam ɗin ya toshe, na ce gobe. Goben ba ta zo ba. Don haka a zahiri kashi uku na samu: shida na gam zalla, biyu na salatif da ɗigon gam, huɗu na salatif zalla, daga lamba 9 zuwa 12.

Duk tsawon Mayu da Yuni babu abin da ya bambanta su. A yadi 40 da yadi 60 duk tashi ɗaya suke yi, kuskuren da ake gani nawa ne. An yi mana ruwa sau da yawa, gashin ya jiƙe ya kwanta kamar na kazar da ta faɗa randa, ya bushe ya miƙe, babu wanda ya ɓalle. Har na fara yi wa sababbin shiga wa'azin salatif.

Ranar Lahadi 17 ga Yuli na tashi daga filin na jefa kwarin a but ɗin mota. Hukumar yanayi ta ƙasar ta riga ta fitar da jan gargaɗi saboda zafi, karo na farko da ta taɓa yin haka. Ni kuwa dariya nake. Mutumin da ya tashi a inda digiri 40 abincin yau da gobe ne a watan Afrilu, a ce ya firgita don Turawa suna rufe makarantu? Ranar Talata 19 ga wata aka auna digiri 40.3 a Coningsby da ke Lincolnshire, zafin da ba a taɓa rubuta irinsa a Birtaniya ba. Motata tana ajiye a fili, babu inuwa, kwana biyu rana tana dukan ta. Ni da na san abin da rana ke yi wa kyandir da takalmin roba a cikin rufaffiyar mota a gida, ko sau ɗaya kwarin bai faɗo mini a rai ba.

Da yammacin Alhamis na koma filin, gari ya yi sanyi. Na zaro kibiya ban duba ba, na ɗora, na ja, na saki. Sai na ji kamar an tsaga mini gindin manuniya da reza. Kibiyar ta tafi tana kaɗa wutsiya ta faɗi gefen allon da muke harbi. Da na duba hannuna, ga wani ɗan tsinke fari ya shige ƙarƙashin fata, jini yana tsattsafowa ta gefensa. Goshin ƙashin gashin ne ya ɗago daga jikin sandar, ya zama kamar ƙaya, kuma da yake kibiyar a kan hannu take wucewa, da shi ta fara gaisawa. Lamba 11 ce. Dattijon ya kawo akwatin magani, ya zare tsinken da hantsaki, bai ce mini komai ba. Wanda ya ƙi ji dai ba ya ƙi gani ba.

Muka zazzage kwarin a kan benci muka jera su. Na gam guda shida suna nan yadda na bar su, gashi a tsaye, ƙashi a liƙe daga goshi har wutsiya. Lamba 7 da 8 ba su ɗago ko'ina ba, sai dai idan ka hango su ta gindi za ka ga gashi ɗaya ko biyu sun ɗan jingina gefe a tsakiya. Huɗun ƙarshe kuwa abin tausayi. Babu gashin da ya faɗi, wannan ya ba ni mamaki, amma kusan duk sun kwanta gefe guda kamar gero bayan iska, goshin da yawa ya ɗago, wasu sun zame daga layin da na ɗora su, sun bar wani baƙin sawu mai danƙo a inda suke da, ƙura ta manne a kai. Wanda kwarin ya danne ya fi kowanne karkacewa.

Abin da na gane daga baya, bayan na yi ta jujjuya su, shi ne gam da salatif ba aiki iri ɗaya suke yi ba ko da yake duk manne ake kira. Gam yana shiga a ruwa, ya ratsa ƙananan ramukan ƙashin gashi, ya kama fuskar banish, sannan ya daskare ya zama abu mai tauri. Da zarar ya gama, magana ta ƙare. Danƙon salatif kuwa ba ya bushewa har abada, haka aka yi shi. Yana nan tsakanin ruwa da tauri, kuma da dannawa yake kamawa. Shi ya sa masu amfani da shi ke bin ƙashin da farce suna murzawa bayan sun ɗage matsi, kuma kamunsa yana ƙara ƙarfi cikin kwana ɗaya zuwa uku. Idan ka fizge shi farat ɗaya yana da ƙarfin gaske. Abin da ba ya jurewa shi ne ja kaɗan kaɗan wanda ba ya tsayawa, musamman idan ya ɗumama ya yi laushi.

To gashin tsuntsu kuwa ja ne da ba ya tsayawa. A jikin fiffike a lanƙwashe ya tsiro. Matsi ne ya tilasta masa miƙewa, kuma tun daga lokacin da aka sake shi yake neman komawa yadda Allah ya yi shi. Ga ƙashin siriri, ga sanda mai zagaye, wurin da suka haɗu bai fi faɗin zaren buhu ba. Ni kuma na ɗan karkatar da matsin don kibiyar ta riƙa juyawa a iska, wanda ya ƙara wa ƙashin murɗa. A sanyin Mayu danƙon yana da taurin da zai riƙe wannan duka. A cikin but ɗin da ya zama tanda, ya saki jiki, gashin ya yi ta jan sa sannu a hankali har ya samu yadda yake so. Lamba 7 da 8 sun sha zafi iri ɗaya, danƙonsu ma ya yi laushi, amma an ɗaure su ta kai da ƙafa, babu inda za su je.

A nan mutum zai ce ai shi ke nan, gam ya ci. Ni ma haka na ce a ranar. Amma da kaka ta shigo sai gam ya nuna mini nasa halin. Lamba 3 ta wuce allo ta shige ciyawa, gashi ɗaya ya yage. Cire ragowar ya zama aiki: reza ta kankare gam ɗin ta haɗa da banish, ta ɗan ci itacen, sai da na goge da takardar yashi, na sake shafa banish, na jira ya bushe, kafin in zo ga minti ashirin na manne. Kwana uku a kan gashi ɗaya. Na salatif kuwa da na zo gyara su, ɓare su na yi da yatsa, na mulmule ragowar danƙon da babban yatsa, na goge da sifirit, sandar ta fito sumul kamar ba a taɓa manna mata komai ba.

Na kuma gwada sufa gulu, don ina ganin shi ne zai haɗa mini saurin salatif da taurin gam. Yana da sauri kam, da danshin da ke jikin abu yake kamawa, cikin daƙiƙoƙi. Amma mai ruwa-ruwan ya bi gashin ya haura sama ya sandarar da shi kamar an sa masa sitati, ya bar farin hazo a kan banish, sau ɗaya ma ya manne gashin da matsin dattijon, na kwana ina kankarewa kafin ya gani. Kuma idan ya daskare ƙeƙasasshe ne kamar gilashi. Mai kauri irin na man shafawa ya fi daɗin aiki, kuma shi ne ya fi dacewa da ɗigon nan na goshi da wutsiya.

Abin da ya hana ni raina salatif gaba ɗaya shi ne abin da na gani a hannun masu bakan zamani, irin na gasar Olamfik. Su a mita 70 suke harbi, allon faɗinsa santimita 122, da'irar maki goma kuma santimita 12.2 kacal. Kibiyarsu irin su Easton X10, wadda ta fito a gasar Atlanta ta 1996, ba ta kai kaurin fensir ba. Mafi yawansu ba gashi suke sawa ba, wata leda ce siririya kamar ɓawon albasa, a nannaɗe, kuma da salatif mai fuska biyu suke manna ta. A Faris a 2024 kibiya ɗaya ce ta raba Kim Woo-jin na Koriya ta Kudu da Brady Ellison na Amurka a wasan ƙarshe, tazarar da ke tsakanin nisan kibiyoyinsu daga tsakiyar allo ba ta cika milimita 5 ba. Mutanen da ke rayuwa a kan irin wannan tazara ba za su yarda da abin da ke zamewa ba. To me ya sa nasu ke zama? Ledar ba ta da nauyi, gindinta a shimfiɗe yake, yana kwanciya a jikin sanda ba tare da gardama ba. Kuma ko su ba sa barin ta haka. Duk wanda ya riƙe irin wannan kibiya zai ga an naɗe goshin ledar da wutsiyarta da wani siririn salatif daban, zagaye biyu ko uku. Ga kuma dalilin da ya sa ba sa son gam: kibiyoyinsu a wuri ɗaya suke taruwa, suna yage wa juna leda kullum, dole gyara ya zama na minti biyu a bakin fili.

A watan Oktoba na je Portsmouth, gidan tarihin jirgin ruwan yaƙin Sarki Henry na Takwas, Mary Rose. An ɗago shi daga ƙarƙashin teku a 1982, an kuma samu bakuna fiye da ɗari da kibiyoyi fiye da 3,500 a cikinsa. Gashin ya ruɓe tuntuni. Abin da ya rage a gindin wasu sandunan shi ne wani koren shafe mai tagulla a ciki, da sawun zaren siliki da ya bi ta kansa yana zagayawa kamar matakalar hasumiya. Masu sana'ar da ke kwaikwayon irin waɗannan kibiyoyi a yau da kakin zuma da kitse da koren tsatsar tagulla suke haɗa shafen, wanda ke nufin shi ma ba abu ne mai taurin dutse ba. Zaren ne ke riƙe da gashin, ana bi da shi tsakanin silin gashin daga goshi har wutsiya. Na daɗe a gaban gilashin nan. Da na karanta ranar da jirgin ya nutse kuwa sai da na yi dariya ni kaɗai: 19 ga Yuli, 1545. Mutumin nan ma da aka tsinta a ƙanƙarar tsaunukan Alps a 1991, wanda ya shekara wajen 5,300 a kwance, kibiyoyi biyu da ya gama haɗawa cikin goma sha huɗun da ke kwarinsa haka suke, kwaltar ɓawon itace a ƙasa, siririn zare a sama.

Da na ba kawuna labarin a waya, wanda ya yi farauta a ƙuruciyarsa, sai da ya gama dariya tukuna. Ya ce, “Kai ɗan nan, wahalar da kai dai. Mu kibiyarmu ina ta ga gashi?” Na ce, “Kawu, to yaya take tafiya daidai?” Ya ce kyauro ne mara nauyi, ƙarfe mai kunne a gaba, nauyin duk yana kai, kuma maharbi ba ya harbi sai ya matso kusa, sauran aikin na dafi ne. Gaskiyarsa. Gashi na mai son kibiya ta yi doguwar tafiya ba ta juya gindi ba ne, kuma wanda ya ɗauko shi ya ɗauko har da ɗawainiyarsa.

Huɗun nan na sake musu sabon gashi, kuma salatif na sake sawa. Wannan karon na goge sanda da ƙashi da sifirit ban ƙara taɓa wurin da yatsa ba, na rage karkatar matsin, na murza kowane ƙashi da farce sau uku, na fere goshin da reza ya kwanta ya saje da itacen. Sannan ɗigon gam gaba da baya, na kawo jan zaren siliki na naɗe goshin gashin ukun tare, faɗin rabin farce, na shafe zaren da banish. Na gam ɗin ma duk na bi su na naɗe, don hannun da aka tsaga sau ɗaya ba ya son a maimaita. Kibiya guda tana cin minti goma sha biyar yanzu, ba awa guda ba, ba kuma minti biyar ba. Idan zan kafa gashi mai tsawon inci 5 da murɗa sosai, gam nake ɗaukowa in haƙura da jiran. Kwari kuma ya daina kwana a mota.

Cikin goma sha biyun, biyar suka rage a hannuna. Uku sun karye a ƙafar allo, ɗaya wani ya harbe ta ta gindi ya tsaga ta, uku ciyawa ta haɗiye. Lamba 11 tana cikin waɗanda ciyawa ta haɗiye, a yadi 80, wata ranar Lahadi da iska. Mu huɗu muka yi ta jan ƙafa a wurin har duhu ya fara, ba mu gan ta ba. Bayan mako biyu mai yankan ciyawar filin ya kawo mana ita gida biyu, injin ya gutsure ta a tsakiya. Rabin gindin yana nan da gashinsa uku, sun yi laka sun cukurkuɗe, jan zaren bai motsa ba.